Wayar Da Ta Rage

Ni fa wallahi har yau ban gane abin da ya faru ba.

Ana jibi sunan jaririn Yaya Hadiza, na shiga kasuwar Adjamé na sayo kayan ampili, na'urar ƙara sautin kiɗa, irin wanda kai za ka haɗa da kanka. Bidiyo ɗaya na kalla a waya, na ce wa mijinta, "Bofrer, manta da DJ, akwai injiniya a gida!"

Na liƙe komai da dalma tsaf, sai wata 'yar baƙar waya ta rage. Na juya ta, na juya ta, na ce ƙila gyara ce mai shago ya yi mini. Na jefa ta aljihu.

Ranar suna tsakar gidanmu a Treichville ya cika da mata, kowa ta sha anko. Na kunna. Lasifika ta ce buuuu, kamar tsohuwar motar haya ta gbaka tana hawa gada. Na dafa ƙarfen bayan ampilin zan kashe, sai kiɗa ya fito tangaran. Na ɗaga hannu, buuuu. Na mayar, kiɗa. Ikon Allah!

Tanti Rabi, ƙanwar Mama, ta daka mini tsawa daga filin rawa: "Kai, peti, kar ka kuskura ka motsa!"

Haka na ƙame har la'asar, yatsa a kan ƙarfe. Shinkafa ma a baki Yaya ta ba ni. Da na saki don in sosa hanci, mata suka yi mini ca.

Yanzu ko firji ne ya yi ƙara, sai ka ji Tanti: "Ina Injiniya? Ya zo ya dafa!"