Jirgin da Ya Fi Kusa da Minista

Duk garin Gujrat babu wanda ya yi wa sufuri hidima kamar Chaudhry Tanvir Warraich. Da rana fanka yake sayarwa a kasuwa. Da ya rufe shago sai ya kunna kwamfuta ya zama Ministan Jiragen Ƙasa, muƙamin da shi ya ƙirƙira, shi ya nema, shi ya ci babu hamayya. Ma'aikatarsa tana cikin wani wasan intanet inda 'yan unguwa ke shimfiɗa layin dogo tare, kuma shi kaɗai ke da ikon buga umarni.

Jirginsa, Sarkin Chenab, mai sunan kogin yankinsu, taragun zinariya ne zalla. Wata da watanni yana ƙera shi, kuma tun da ya hau bai sauka ba. Minista, in ji shi, ba ya taka ƙasa.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka taru a wasan don buɗe sabuwar gada. Ya tsayar da jirgin a tsakiyarta, ya kunna makirfo. Ana jin kurɓar shayinsa.

"'Yan'uwa, kafin zuwana nan daji ne. Yau kuwa duk tasha, duk layi, daga inda nake ake auna su."

Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan jirgin gawayi, baƙi ƙirin, a bakin gada. Na Baji Nighat ne, wato Yaya Nighat, tsohuwar malamar firamare, wadda ta gina shi irin wanda mahaifinta ya tuƙa a garin Lalamusa.

"Tukunyar wa ce wannan a gaban hotona?"

"Haba Tanvir, jirgin babana ne. Bari in matsar."

"Baji, a nan Minista nake."

"Ministan da na share wa majina a aji ɗaya? Kada ka taɓa min abina!"

A wasan, ba dole ka san sunan jirgi ba. Kana iya zaɓarsa da wurin da yake: na tasha kaza, ko wanda ya fi kusa da mai umarni. Abin da aka goge kuma ya tafi ke nan. Minista bai taɓa wahalar da kansa da sunan jirgin kowa ba, don haka ya rubuta: mafi kusa, a goge.

Surukinsa Mubashir ya yi gyaran murya. "Bhai jan, yayana, da ka fara sauka..."

"In sauka? A gaban jama'a?"

Ya danna.

Jirgin gawayi yana nan yana hayaƙi. Sarkin Chenab ne babu, har hayaƙinsa. A tsakiyar gada sai mutum guda a tsaye, da ƙafarsa, a kan dogo. Kurɓar shayi ta tsaya.

Baji Nighat ta ja jirginta a hankali har gabansa.

"Hau kan gawayin, Minista, in rage maka hanya."

Ya daɗe yana faɗa wa mutane cewa daga inda yake ake auna komai. Ranar nan dai an samu wanda ya gaskata shi: wasan da kansa.