Rasuwar Mai Ido Ɗaya na Tagar Gabas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a samun abokin raba shi, mai kula da ɗakin gwajin tsirrai, wanda kowa ke kira Baba, yana sanar da duk wanda ya taɓa karatu a hawa na biyu na tsohon ginin sashen rasuwar abokin zamansa na shekara talatin da ɗaya, tsohon madubin duba ƙananan halittu, wanda ɗalibai suka raɗa wa Mai Ido Ɗaya. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa na gindin tagar gabas, da ganye a gabansa, yana bakin aiki.

Marigayin baƙin ƙarfe ne mai nauyi, da wuyan tagulla wanda hannaye suka goge har ya yi sheƙi. Bai san lantarki ba, bai kuma nemi sani ba. Wani ɗan madubi ne zagayayye a ƙarƙashinsa, a karkata shi ya ɗebo hasken rana ya tura sama. Ran da aka ɗauke wuta, sababbin na'urori su yi tsuru-tsuru, shi kuwa ko a jikinsa. Da rana ya rayu, kamar ganyayen da ya ƙare rayuwarsa yana kallo.

Kowace safiya, da zarar haske ya sauko kan teburin, Baba zai tsinki ganye ɗaya daga ciyawar ruwan da ke cikin tankin gilashi, ya shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi, ya ɗiga masa ruwa, ya rufe da siririn murfi. Sai ya runtse idon hagu, ya kafa na dama. Ganyen da ido ke gani sumul, ashe ɗakuna ne a jere, bango na jikin bango, kuma a cikin kowane ɗaki akwai korayen ƙwayoyi birjik. In haske ya ɗumama su, sai su fara bin bango suna zagaye ɗakin a hankali, ba mai ture wani. Baba ya sha gaya wa ɗalibai cewa waɗannan su ne masu dafa wa duniya abinci: su ɗauki haske da ruwa da iska su haɗa sukari, su sako mana iskar da muke shaƙa, ba su taɓa jiran a ce musu sannu ba. Ta idon marigayin ne dubban yara suka fara ganin gansakukar kududdufi mai koren zare a murɗe, da wata 'yar mitsitsiya mai jan ɗigo da gashi biyu, wadda ke iyo ta nufi haske duk inda aka juya ta.

An shaidi marigayin da gaskiya da sanin iyakarsa. A cikin kowace koriyar ƙwaya akwai wasu faya-fayai da aka ɗora bisa juna, inda ake cafke hasken. Wannan ya fi ƙarfin idonsa, sai babbar na'urar sabon gini, mai ɗaki nata da sanyi nata da masu yi mata fada. Bai taɓa yi mata hassada ba, bai kuma taɓa nuna wa kowa abin da bai gani ba.

Ba mai yawan magana ba ne. In an murɗa wuyansa ya ce kir-kir-kir, in an juya tabarau, wato gilashin idonsa mai ƙara wa abu girma, ya zauna daidai ya ce ƙwas. Shi ke nan. Amma tun da mai ɗakin Baba ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, wannan kir-kir ɗin ita kaɗai ke amsa masa gaisuwar safe. Wallahi ta ishe shi.

Doka ɗaya ce a kan marigayin, kuma duk wanda ya bi ta ɗakin nan zai iya karanto ta ko daga barci aka tashe shi. "Kada ka saukar da shi idonka na ciki," in ji Baba. "Ka leƙa ta gefe, ka saukar, sannan ka sa ido ka ɗaga." Wanda ya saɓa, tabarau zai daki gilashin da ke ƙasa. Ɗaliban da Baba ya kora waje saboda wannan doka, wasunsu yau manyan malamai ne masu tumbi.

Shekara uku ke nan da aka kwashe ɗalibai zuwa sabon gini, inda mutum arba'in ke kallon allo ɗaya. Aka bar tsofaffin biyu a hawa na biyu, suna jin ƙarar takalma na wucewa. Shugabar sashe ta yi wa Baba alkawari cewa in ya ajiye aiki a ƙarshen watan nan, ya tafi da abinsa gida. Har ya janyo tebur gindin tagar ɗakinsa, ya wanke kwalbar da zai zuba ciyawar ruwa. Ba shi da wani shirin tsufa da ya wuce wannan.

Ciwon ajali ya fara ne bara. Korayen ƙwayoyin suka soma fitowa dishi-dishi. Baba ya goge tabarau da lallausar takarda, ya kwance, ya hura, ya shanya a rana don tsoron fumfuna, ya mayar. Abu sai gaba yake yi. Wata safiya mai sharar hawa na biyu ta tarar da shi ya yi tagumi, ta ajiye tsintsiya ta ce ya bari ta leƙa.

"Baba, ni fa ga su nan tar," ta ce. "Har wani na bin wani."

"Ke dai 'yar nan, lallashina kike yi," ya ce, ya karɓe abinsa.

Ranar Talata haske ya sauko kamar kullum. Baba ya kafa ido, bai ga komai ba sai kore a dame. Ya ɗaga, babu. Ya ƙara ɗagawa, babu. Zuciya ta ɗebe shi, sai ya murɗa ƙasa, idonsa na ciki. Marigayin ya ce ƙas. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Mai gyara ya zo ya duba tabarau ɗin da ya tsage, ya girgiza kai, ya ce waɗanda suka ƙera irin wannan tabarau sun rufe tun kafin a haife shi.

Bayan kwana uku mai shara ta tasa Baba a gaba har asibitin ido. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, kuma ta daɗe. Na hagu kuwa lafiyarsa ƙalau, shi ke ta ɗaukar nauyin ɗan'uwansa. Baba yana so jama'a su sani, don kada a ɗora wa mamaci laifin da ba nasa ba: Mai Ido Ɗaya bai yi ciwon komai ba. Shekara guda ana jinyar mai lafiya. Da sau ɗaya Baba ya runtse dama ya buɗe hagu, da yanzu suna tare. Sabo na shekara talatin da ɗaya ne ya hana shi, kuma ya ce bai yafe wa hannunsa ba.

Marigayin ya rasu ya bar akwatinsa na katako mai ƙugiyar tagulla, da ƙananan tabarau biyu da ba su da wurin zama yanzu, da gilasai cike da kwali, da tankin ciyawar ruwa wadda ke ta girkinta, ba ta san an daina kallonta ba. Ya bar ɗalibai a ko'ina. An aika wa waɗanda ake da lambarsu, ana jiran amsa. Ya kuma bar Baba, wanda za a yi wa aikin ido mako mai zuwa. Likita ya ce bayan aikin zai ga komai tar. Baba ya yi godiya, bai tambaye shi me zai kalla ba.

Za a naɗe marigayin a cikin ƙyallensa ranar Litinin da ƙarfe goma, lokacin da haske ke sauka kan teburin, a sa shi a akwatinsa. Shugabar sashe ta ce alkawari na nan, don haka Baba ne zai ɗauke shi da hannunsa zuwa gida, ya ajiye shi a kan teburin da ya riga ya tanada. Ana roƙon masu gaisuwa kada su ce za a samu wani. Wanda ya taɓa sa ido a ciki, ya zo kawai ya faɗi abin da ya gani.

Za a karɓi gaisuwa a gindin tagar gabas har rana ta bar teburin. An ajiye kujera biyu. Mai shara ta ce za ta zo, ɗayar kuma ta Baba ce.