Zabon Surukina da Mai Shelar Ƙwaƙwalwa

Ko na tsufa na rikice, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema da aure, a Bukkuyum ba. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Gummi, kaina cike da wani bayani da na karanta a wayata kan yadda mutum yake sanin yana raye. Ɗalibaina sun sha shi, masu kabu-kabu sun sha shi, har Innata sai da ta ce in ƙyale ta ta yi tankaɗe.

Kawuna Bala ne ya raka ni. Tun a mota yake ja min kunne: "Ka duƙa, ka sadda kai, in an kawo abinci ka ce ka ƙoshi. Dattijon nan ya kori mutum biyu kan rashin kunya, kada ka zama na uku."

Bayan la'asar muka zauna a zaure. Aka ajiye wa Alhaji, uban yarinyar, kwanon soyayyen zabo. Ya ce bismilla, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, har sau uku (alhali tun kokon safe rabona da abinci). Kawu ya yi murmushin jin daɗi.

Sai Alhaji ya ce, "An ce kai ka karantar da yara sha'anin ƙwaƙwalwa. Ni na sha hwasa kan rago, wani hwarin abu ne kamar kindirmo. Ƙaƙa wanga abu ka sanin yana duniya?"

Wayyo daɗi! Shekara guda ina neman wanda zai yi min wannan tambaya. Na gyara zama, na manta da sadda kai.

"Baba, ikon Allah ne, amma wasu masana suna da hasashe. Sun ce ƙwaƙwalwa kamar kasuwar garin nan take. Kowa na aikinsa a rumfarsa, ido na nasa, kunne na nasa, hannu na nasa, ba wanda ya san na wani. Sai abin da mai shela ya ɗaga murya ya faɗa wa kasuwa duka, shi ne mutum yake sanin yana yi. Sauran duk a ɓoye suke gudana!"

Na kawo misalin tuƙa babur, na kawo na numfashi. Kawu yana ta zungurina da gwiwa, ni kuwa na ɗauka jinjina ce, sai na ƙara wuta. "Wallahi Baba, hannunka zai iya yin aiki cikakke kai ba ka da labari!"

"Na gani," in ji Alhaji. Ya ɗan karkato kwanon wajena. "Malam, shi mai shelan nan naka, barci shikai?"

Na duba. Ƙasusuwa ne tsibi a gabana, yatsuna sharkaf da mai, ga cinya ta ƙarshe a hannuna na riga na gatsa. Zabon surukina, ni kaɗai, a gabansa. Na rasa ko in haɗiye ko in mayar. Kunya ta kama ni, na kuma tabbata Hadiza ta kuɓuce min.

Kawu ya yi ta hararata har Gummi. Kwana huɗu ban iya cin nama ba.

Rana ta biyar saƙon Alhaji ya iso ta bakin Kawu: ya ba ni Hadiza. Wai bai taɓa ganin malamin da ya faɗi magana ya kuma kawo shaidarta nan take ba. Sharaɗinsa ɗaya, duk ran da zan zo gaisuwa in ci abinci a gida tukuna.

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Har yau in na fara bayani, Hadiza sai ta janye kwano a hankali. Ni ma na koyi darasi: kafin in buɗe baki kan sanin kai, ina fara duba inda hannuna yake.