Matan da Na Ware a Bikin Ƙanwata

Laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Ranar bikin ƙanwata a unguwarmu Maamobi, lungu ya cika da mata. Kawuna ya ce in ware dangin ango da za su zo daga unguwar Alajo, in kai su ɗakin da aka ajiye musu abinci, amma in tambayi inna tukuna ta nuna mini su.

Na ce, "Kawu, ba sai na tambaya ba. Shuɗiyar atamfa suka yi yayi, kowa iri ɗaya, da ita zan gane su."

Na shiga taro ina tsamo duk mai shuɗiyar atamfa, ina rusunawa. Na buɗe musu shinkafa da kaji, suka ci sarai, suka sa mini albarka.

Ashe matan nan bikin suna suka zo a gidan maƙwabta, atamfar ce ta zo ɗaya. Dangin ango suka sauko daga motar haya, trotro, suka tarar da ƙasusuwa. Gwaggon ango ta dubi kwanukan ta ce, "Haka kuke karɓar surukai a nan?" Kawu ya yi ta ba da haƙuri, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Har yau, da furfurata, in mata suka wuce cikin yayi sai kawu ya taɓo ni: "Ga surukanka can, je ka ware su."