Harafi Ɗaya Ya Tsige Lisans

Shekarar farin nan, ordinatar, wato kwamfutar buronmu na rabon hatsi a Damagaram, ta fara kukan lisans ɗinta zai ƙare. Madam Hannatu, sakatariyarmu, ta ce a kira mai gyara.

Na ce, "Ina zaune? Matsa, Madam."

Na naɗe hannun riga, na buɗe baƙin allon umarni, ina bugawa ina kallon rufi don a shaida gwaninta. Maimakon "i" mai sa sabon lisans, na danna "u" mai tsige tsohon. Ordinatar ta yi biyayya nan take, ta tsige shi, aiki ya tsaya. Ranar nan, da hannu muka rubuta wa mutanen Tirmini tikitin gero, suna tsaye cikin rana suna tsaki.

Har yau in na shigo, Hannatu takan rungume ordinatar ɗinta, ta yi mini laƙabi da "malam" na Faransanci: "Jama'a, ga Mushe U nan!"