Baƙa Ta Rufe Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda har yanzu bai gama sauka ba, ni mai hoto na shagon da ke ƙarƙashin bene, jikin shagon mai gyaran agogo, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan ciniki rasuwar kyamarata, wadda kowa ya sani da suna Baƙa. Ta cika a hannuna da hantsi, da fim a cikinta, bayan doguwar jinya.

Ga waɗanda suka taso a zamanin waya, marigayiyar tana daga cikin tsofaffin kyamarorin fim da ake leƙawa ta 'yar taga a gefe. In ka leƙa, mutum ɗaya sai ka gan shi biyu. Sai ka murɗa gilashin gaba a hankali har biyun su haɗu, sannan ka danna. Da wannan murɗawar na yi aure, da ita na ciyar da iyali.

Su uku ne a kan kantata, kuma na daɗe ina bugun ƙirji cewa ba ni da zaɓi a cikinsu. Akwai Basamudiya, mai nauyin dutsen guga, wadda ba ta san ciwo ba. Ta taɓa faɗowa daga matakala, daɓen ne ya tsage. Sai dai in ta ɗauki hoto, "ƙaraf!", kamar an saka wa ƙofa sakata. Akwai 'Yar Gayu, fara sol, mai allurar auna haske, hotonta kamar ka yi magana ya amsa, amma da batir ya yi sanyi ta zama kayan ado. Baƙa ba ta kai waccan ƙarfi ba, ba ta kai wannan kaifi ba. Fentinta ya koɗe har tagulla ta leƙo a kusurwoyi, sa mata fim kuwa sai an cire gindinta ana lallashi.

Zaɓi ya zama dole ne lokacin da mahaifinmu ke kwance a asibiti. Mutum ne da ya haifi mai hoto amma bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Ƙanwata ta ja ni baranda ta ce, "Yaya, in Baba ya tafi ba mu da fuskarsa, wallahi ba zan yafe maka ba."

Na dawo shago na tsaya a gaban kanta. Basamudiya za ta tashe shi. 'Yar Gayu za ta iya ba ni kunya, kuma babu damar sakewa. Na rataya Baƙa. Na same shi yana barci, hasken taga a goshinsa. Na murɗa, na danna, ta ce "tsik", kamar an karya tsinke a ɗakin maƙwabta. Ko gezau bai yi ba. Hoton nan ne a bangon kowannenmu yau. Tun daga ranar sauran biyun suka san matsayinsu.

Mun shaide ta da kawaici da riƙon amana. Ba ta taɓa firgita jariri ba, ba ta taɓa neman batir ba, kuma duk abin da ta gani tana riƙe shi a duhu sai an tambaye ta.

Ciwon ajalinta ya fara ne a sannu. Na leƙa tagarta na ga kamar an hura hayaƙi a ciki. Na goge, bai tafi ba. Wata mata ta zo karɓar hoton jaririnta, ta ga ya fito dishi-dishi, ta dube ni, ta ajiye ta fita. Na kai Baƙa wurin mai gyaran agogo. Ya buɗe ta, ya daɗe da madubi a ido, sannan ya nuna mini funfuna ta yi saƙa a gilashin gaba, labulen da ke buɗe wa haske hanya kuma ya ruɓe.

"Maƙwabci, wannan ta gama aikinta," in ji shi. "Ka raba ta da sauran, abin nan yana yaɗuwa."

Ban ji ba. Na sa mata sabon fim na ci gaba da lallaɓa ta. Ranar ƙarshe na danna, ta ce "tsi", ba ta ƙarasa ba. Labulen ya yage.

Ta rasu ta bar 'yan uwa biyu, da jakar fata mai tsinkakken maɗauri, da murfin gilashi wanda bai taɓa zama daidai ba, da ni.

Washegari na ɗauki Basamudiya na leƙa. Hayaƙin nan yana ciki. Na ɗauki 'Yar Gayu, hayaƙin nan dai. Na ce annoba ta cinye mini kanta. Babbar 'yata, wadda ta zo taya ni kwashe kayan marigayiyar, ta karɓa ta leƙa su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ai tas suke. Har rubutun allon ƙetaren titi ina karantawa."

Ta ɗauki gawar ita ma ta leƙa. Sai ta ajiye ta a hankali, ta ce in rufe idon hagu in dube ta. Na rufe. Na ji muryarta kusa da ni, amma wurin da fuskarta take babu komai sai fari. Ta ce in sauya. Na hagun ya gan ta, sai dai shi ma gefensa ya fara hazo.

Funfunar Baƙa gaskiya ce, labulenta ma ya yage da gaske. Tagarta kuwa har ta cika ba ta yi duhu ba.

Za a yi mata sutura gobe da safe a shago. Za a goge ta da ƙyalle mai laushi, a naɗe ta da maɗaurinta, a sa ta a akwatin gilashi can saman kanta, nesa da 'yan uwanta. 'Yata ce za ta ɗora ta, don ta hana ni hawa kujera. Fim ɗin da ke cikinta za a bar mata shi, ba za a wanke ba.

Ana karɓar ta'aziyya a shago kullum, ban da ranar Laraba, da za a kai ni wurin likitan ido. Ana roƙon masu zuwa kada su ɗaga waya su ɗauki gawa hoto. Kuma duk wanda ya iso bakin ƙofa, komai daɗewarmu tare, don Allah ya faɗi sunansa kafin ya miƙo hannu.