Gwangwani Mai Jan Ƙyalle

Mu malaman makarantarmu muka hau Dutsen Kagoro wasan neman abin da aka ɓoye, ana bin taswirar waya, za mu kwana a wata bukka can sama. Ni dattijon ikilisiya ne, kuma a dutsen nan na yi kiwo. Waya ce za ta nuna mini hanya? Na yi gaba abina.

A wani kogo na tarar da gwangwani ɗaure da jan ƙyalle. Don Allah, wane mai hankali zai ga haka ya ce wasa ne? Na tsawata masa cikin sunan Yesu, na sa sanda na cilla shi kwazazzabo.

Malama Rifkatu, wadda ta shirya tafiyar, ta iso tana haki. "Baba, ka ga gwangwani? Makullin bukkar na ciki."

A waje muka kwana, ruwa ya yi mana dukan tsiya. Ban ba kowa haƙuri ba. Laifin wanda ya ɗaura jan ƙyalle ne.

Har yau in makullin ofis ya ɓace, sai Rifkatu ta leƙo: "Baba, ko ka yi masa addu'a ne?"